Guɗar Tabawa da aka share

Wata rana, bayan bikin jikata Rumasa'u, aka turo mini bidiyon bikin a waya.

Ba amarya nake nema a ciki ba. Amarya na gan ta da idona. Tabawa nake nema.

Tabawa aminiyata ce tun muna 'yan mata. Duk auren da aka yi a gidanmu ita ke rangaɗa guɗa. Ta yi wa uwar Rumasa'u, ta yi wa Rumasa'u. Ba a daɗe da bikin ba Allah ya karɓi abarsa. Allah ya jiƙanta.

Sai ga ta a bidiyon. Ta kama hanci, ta ɗaga kai, jijiyar wuyanta ta miƙe.

Shiru.

Ana jin kiɗa, ana jin mai sanarwa, amma bakin Tabawa a buɗe, ba abin da ke fita.

'Ya'yana suka ce, "Iya, ki yi haƙuri, haka waɗannan abubuwan suke." Haƙurin me? Na yafa mayafi, na tari adaidaita, sai situdiyon da aka haɗa bidiyon.

Na tarar da mai tace hoton gaban kwamfuta, ya toshe kunnuwansa da abin sauraro. Ko kallon wayar bai yi ba ya ce laifin wayata ne. Na ce kunna a taka. Ya kunna, shiru. Ya ce lasifika ce. Ya canja wata, shiru. Ya ce to garin turo mini ne ya lalace.

Ni ban yi boko ba. Amma na tsufa ina girki, kuma ban taɓa ɗora wa kwano laifin miyata ba.

Sai da ya ga na ja kujera na zauna, sannan ya buɗe aikin ya duba. Ashe ranar bikin lasifikar masu kiɗa ta yi ta wani fito mai tsinin gaske. Shi kuma ya sa na'urarsa ta kwashe duk wani sauti mai tsini, daga farkon bidiyon har ƙarshensa. Bai koma ya saurara ba.

Ya ce, "Hajiya, ai ba abin tashin hankali ba ne. Hayaniya ce kawai ta fita."

Na ce, "Ɗan nan, uwarka da aka kai ta ɗaki, da hayaniya aka raka ta?"

Ya sunkuyar da kai.

Na ce ya mayar. Ya ce ba zai yiwu ba, wai ya ajiye gyararren sautin a kan na asali, na asalin ya tafi.

Jama'a ku ji mini! Ko tela mai hankali ba ya zubar da ƙyallen atamfar mutane sai mai kaya ta gwada rigarta. Shi kuwa ya yanke muryar mutum ya watsar, ko tambaya babu.

Na ce masa nan zan yi azahar, nan zan yi la'asar.

Ya yi tagumi. Can ya zabura ya ce ai ita ma kyamara tana ɗaukar sautinta daban, ba sai na makirfo ba. Ya kira mai ɗaukar hoton. Allah ya taimake mu, bai riga ya goge memorin ba, shirin gogewa yake don wani bikin.

Aka kawo. Ya ɗauko sautin kyamarar ya jera shi a ƙarƙashin hoton. Da farko guɗar ta riga bakin fita, Tabawa ba ta kama hanci ba an ji ta. Ya nemo inda makaɗi ya buga ganga, ya yi ta matsar da sautin kaɗan-kaɗan har bugun ya zo daidai da hannu.

Ya sake kunnawa.

Ayyiriri!

Ita ce. Har da 'yar rawar nan da muryarta ke yi a ƙarshe in numfashi ya kusa ƙare mata.

Janareta na ruri a bayanta, wani jariri na tsala kuka, fiton lasifikar nan ma yana nan. Sai na ga hannunsa ya nufi kwamfuta. Ya ce bari ya ɗan rage ƙarar janaretan.

Na riƙe hannun.

Na ce, "Bar mini janaretana. A cikinsa ta yi."

Darasi:

Kai mai gyaran aikin mutane, kafin ka ce wayar tsohuwa ce, duba hannunka tukun. In ka gyara, koma ka saurara da kunnenka. Kuma kada ka kuskura ka taɓa na asali, ajiye shi gefe ka yi aikinka a kan kwafi. Abin da ka kira hayaniya, shi kaɗai ya rage wa wata.

Ku tura wa duk mai kyamara da mai tace bidiyon da kuka sani, tun kafin bikin gidanku ya zo. Wanda ya karanta kuma, ya sa Tabawa a addu'a.