Ranar da na ce ba na jin Hausa

A ƙarshen 1969 ni malamin firamare ne a Kumasi, ban jima da aure ba, matata tana da tsohon ciki. A Zongo, unguwar Hausawa, aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina. Kakana ne ya zo daga Katsina fataucin goro, bai koma ba. Amma da gwamnati ta ce baƙin da ba su da takardar zama su bar ƙasa, ba wanda ya tsaya tambayar inda aka binne cibiyar wani. Kullum sai ka ga lori maƙare da katifu da tukwane ta nufi hanyar arewa. Surukina ma ya ɗaure kaya, ya ce da 'yarsa zai tafi, sai fa in na nuna masa cewa zamana a garin nan ya kafu.

Ana cikin haka wata ƙungiya mai koyar da manya karatu da sana'a ta kira ni ganawa. Mutum suke nema wanda zai tsara darussa ga masu koyon kanikanci a Suame Magazine, unguwar makanikai, ya shirya abin da za a fara da shi, da hotunan da za a zana, da yadda za a gane ɗalibi ya fahimta. Kawuna da ya ji ya ce tarko ne, da irin wannan kira ake tara mutane a zuba su a mota. Ya ce in dole sai na je, to in ajiye hula da riga a gida, kada in bari kalmar Hausa ta fita daga bakina. Tsoro ya sa na bi maganarsa.

Mutum biyu na tarar a ofis a unguwar Kwadaso: wata dattijuwa 'yar Asante, ita ce shugaba, da wani dogon mutum a gefenta. Tun farko ta tambayi harsunan da nake ji. Na ce Turanci da Twi, yaren Asante, Hausa kuwa sai ɗan abin cinikin kasuwa. Ta miƙo mini fulogin mota, ta ce in nuna yadda zan gina darasi a kansa ga wanda bai iya karatu ba. Nan na manta da tsoro. Na ce zan fara ba kowa mai kyau da matacce ya riƙe, ya faɗi bambancin da ya gani da idonsa, kafin in zana komai a allo, faɗin sunansa kuma sai a ƙarshe. Ta yi ta gyaɗa kai. Da na gama ta ce tsarin ya yi mata, sai dai kash, yawancin ɗaliban 'yan arewa ne, kowa da yarensa, Hausa ce kawai ta haɗa su, don haka ba za ta iya ɗaukata ba.

Na yi godiya na miƙe. Har na kama ƙofa, ina tunanin matata a bayan lori da wannan ciki. Ban san lokacin da na juyo ba. Da Hausa na ce wa dattijuwar, "Maame, ki yi haƙuri, ƙarya na yi. Da harshen nan uwata ta yi mini rainon goyo." Na tsaya ina jiran a kira ɗan sanda.

Dogon mutumin ya fashe da dariya. Cikin Hausar Zongo tsantsa ya ce ai tun da fulogin ya kusa suɓuce mini na ce subhanallahi, na bi da yawwa, ya san ni ɗan gida ne. Dattijuwar ba ta yi dariya ba. Ta ce binciken takarda ba aikinta ba ne, amma ƙaryar ta ɓata mata rai, don wanda zai koyar dole a iya yarda da maganarsa. Ta sa na sake darasin daga farko da Hausa, mutumin yana yi mini tambayoyi kamar sabon ɗalibi. Daga nan ta ce in fara aiki bayan hutu.

Da na isa gida na gaya wa surukina, sai ya sa aka kwance kayan matata daga cikin nasu. Dattawan unguwa suka tsaya mini shaida kan haihuwata, maganar zamana ta daidaita. Har yau in na tuna ranar sai na sauke ajiyar zuciya, in ce alhamdulillahi.

Ban ga laifin kawuna ba, lokacin ne ya firgita kowa. Amma masu karatu, musamman matasa masu zuwa neman aiki, ku bincika abin da ake nema kafin ku shiga, kuma kada mai tsoro ya zaɓa muku abin da za ku ɓoye. Ni dai saura taku ɗaya in fita ƙofar nan hannu wofi, alhali abin da suke nema yana cikin bakina.