Tawadar Zaɓe a Farcen Baba

Bayan kowace sallar la'asar, a ƙofar gidanmu da ke Gwiwa, mahaifina yakan ɗaga hannu ya roƙa wa 'yan majalisa hikima da adalci da tausayin talaka. Abin yana ba ni haushi, don ko rijiyarmu da ta ƙafe ba su taɓa leƙowa ba.

Wata rana na ce, "Baba, me ya sa kuke ɓata addu'arku a kansu?"

Ya nuna mini babban yatsansa, da tawadar zaɓe a gindin farcen. Ya ce, "Da wannan na ɗora su. Ranar hisabi shi zai yi magana, ba bakina ba. In sun yi zalunci, ina da kaso."

Bai daɗe da faɗin haka ba ya rasu. Ni na yi masa wanka. Na cuɗa yatsan nan da sabulu har sau uku, tawadar ta ƙi fita, alhali tawa tuni ta goge. Haka muka sa shi a likkafani.

Yanzu ni nake yin addu'ar, kuma ba don ina ƙaunarsu ba.