Kawu Kifa-Kwano

Ƙanen mahaifiyata mai gyaran famfo ne, gajere mai kaurin murya, kullum da sifana a aljihun baya. Da can cika baki yake yi cewa shi da sauro kar-ta-san-kar ne, tun yana zanen goyo suke tare.

Sai babban ɗansa da ke aiki a ƙasar waje ya ce ya zo ganin jika. Kawu ya sami baranda mai iska, kullum da la'asar ya miƙe a can daga shi sai singileti. Surukarsa ta miƙo masa man korar sauro, ya ce wane sauro da rana tsaka? Ba a jima ba zazzaɓi ya kayar da shi, gaɓoɓi kamar ana sara, bayan idanu na zugi. Ya haɗiyi maganin maleriyar da ya ƙunso daga gida, a banza. Likita ya ce dengi ce, sauro mai zanen fari a ƙafa ke kawo ta, da rana yake cizo, kuma sai dai hutu da yawan shan ruwa da farasitamol.

Ya dawo wando na zame masa. Tun daga nan ba ya wuce ruwa a kwance. Tsohuwar taya, gwangwani, kaskon kaji, duk sai ya kife. Yara suka laƙaba masa Kifa-Kwano, yana amsawa.

Da ya ji ni da maigidana za mu kai yara hutu waje, ya iso ana cikin haɗa kaya. Ya zare gajerun wanduna, ya cusa riguna masu dogon hannu da gidan sauro, ya tambaya ko an yi wa kowa allurar rigakafin cutar shawara. Can ya kawar da kai, kamar da bango yake magana.

"In akwai mai juna biyu a gidan nan, ta ga likita kafin ta hau jirgi. Akwai wata cutar sauron da ke taɓa ɗan ciki."

Ko mahaifiyata ban gaya wa ina da ciki ba tukuna. Kunya ta sa na kasa ɗaga ido.

Likita ta ba ni shawarar in haƙura da wannan tafiyar. Maigidana ya tafi da yara, na zauna. Kullum da yamma Kawu ya zo duba famfunan gidana, waɗanda lafiyarsu ƙalau, ya sha ruwa, ya tambayi labarin matafiya, sannan ya tafi.