Besfar Baba da Makaniken Hanyar Bida

Ko da zan manta komai a duniya, ba zan manta da kai besfar mahaifina gyara ba, da yadda saura kaɗan in yi wa mutumin da ya taimake mu rashin kunya.

Bayan rasuwar mahaifiyarmu, Baba ya kulle kansa a gidanmu na Ketaren Gwari a Minna. Mutumin da ya yi shekaru yana koyarwa a Wushishi, wanda in ya fara hira sai ka nemi wurin zama, shi ne ya koma ba ya fita sai masallaci. Abinci ma sai an yi da gaske. Wallahi tsoro ya kama ni, ina kallo yana ƙarewa kamar sabulu a ruwa. Wata rana na tarar da shi a zaure yana shafa tsohuwar besfarsa da ta daɗe a jingine. Nan na ƙudura a raina sai ta sake tashi, ko Allah zai sa ya samu dalilin fita.

Ashe neman mai gyaran shi ne aikin. Na sa aka ɗora ta a bayan a-kori-kura muka shiga gari. Na farko mai gyaran baburan 'yan acaɓa ne, ya leƙa kawai ya ce, "Hajiya, sai dai a cire injin a dasa na zamani." Na biyu ko injin bai kalla ba, ya hau tambayata ja nake so a yi mata fenti ko shuɗi. Na ce, "Malam, amarya na kawo maka?" Direban ne ya ga na fara zafi, ya ce akwai wani dattijo a hanyar Bida, kafin a kai Gidan Kwano, ba ya taɓa komai sai tsofaffin besfa da ƙananan babura na da.

Muka same shi a rumfarsa gindin mangwaro, dattijo Bagwari, ga besfa jere, ga wasu tsofaffi a benci suna hira. Ya zagaye tamu a hankali, ya ce, "Mai shi yana ina?" Hausarsa irin ta mutanen Minna ce, ba ruwansa da mace ko namiji.

"Yana gida, Baba. Ba ya fita."

"To ka koma ka kawo shi. Ni ba na buɗe tsohon besfa sai mai shi yana zaune."

Kai! Raina ya ɓaci. Na ce, "Haba Baba, asibiti na kawo ta da za a ce sai da mai jinya?" Ya yi dariya abinsa. Ya ce kayan irin wannan babur sun ƙare a kasuwa, ba a canzawa da ka. Dole sai ya ji daga bakin mai hawa yadda kukanta yake da, yadda ta fara ciwo, da yawan baƙin man da ake haɗa mata a fetur. "In na gyara yadda nake so, zai tashi," in ji shi, "amma ba nashi ba ne kuma."

Na bar ta can na koma gida ina huci, na zayyana wa Baba ƙarfin halin mutumin. Ya ɗago ya ce, "Ya tambayi baƙin man da nake haɗawa?" Na ce ƙwarai. Ya ce, "Wannan ya san aiki." Washegari kafin in gama karin kumallo, ga Baba a tsakar gida da babbar riga da hula, wai ni yake jira.

Haka ya riƙa zuwa kullum har aka gama. Shi da dattijon suna musu a kan kafireta da fulogi, tsofaffin benci suna sa baki, ni dai ina gefe ina jin muryar mahaifina tana dawowa. Ranar da za a tayar da ita, dattijon ya goge hannu ya matsa gefe. "Malam, zo ka tashe shi. Kai ya sani."

Baba ya kama ta, ya karkata ta dama, ya ɗan riƙe ta a haka, ya miƙar, ya buga kik. Sai ga ta ta ɗauka, fat-fat-fat, hayaƙi ya turnuƙe rumfar! Tsofaffi suka sa shewa. Baba ya dube ni yana dariya, idonsa cike da ƙwalla, ya ce, "Mamarki takan ce besfar nan halina ta ɗauko, sai an lallashe ta." Tun rasuwar, ranar ce ya fara ambatonta da dariya. Ni kam kuka na yi, ban ji kunyar kowa ba.

Ya ce, "Hau, 'yata, in kai ki gida." Na zauna a karkace na riƙe kafaɗarsa, muka hau titi a hankali, motoci na wuce mu.

Yau Baba yana da wurin zamansa a bencin nan, in ba a gan shi ba har aike ake yi gida. Ni kuwa na koyi darasi: in za ka ba da gyaran tsohon abu, kada ka bi wanda ya fi saurin cewa zai iya. Nemi wanda zai fara tambayar mai abin.