Ƙullun Hure a Ajin Malam Sha'aban

Malam Sha'aban ya daɗe yana koyar da bayoloji a wata sakandare da ke bayan Rimin Gado. Mutum ne siriri mai fara'a, ba ya rabuwa da tsohon kekensa. Makarantar ba ta da ɗakin gwaje-gwaje, shi kuwa ba ya son ya faɗi abu bai nuna shi ba.

Akwai darasin da ke ba shi wahala kowace shekara: yadda jiki ke fitar da ƙarfi daga abinci idan akwai iskar oksijin, da yadda yake yi idan ta yi ƙaranci. Yara su haddace, su manta. Wata safiya ya ga ƙullun wainar matarsa Hure ya kumbura har ya ɗaga murfi, sai ya roƙe ta ta ɗiba masa. Ta ce abinci ba abin wasa ba ne, amma ta zuba masa a gorar roba. Ya ɗaure bakin tamau, ya rataya a keke.

A hanya taya ta yi faci. Ga rana ta ɗaga, ga lokaci ya ƙure, sai ya jingine keken a shagon mai faci, ya rungumi gorar ya sheƙa da gudu. Ya shiga aji yana haki, cinyoyinsa na zafi. Yana kwance murfin, ƙullu ya yi tsartuwa ya wanke masa gemu da riga.

Ajin ya kece da dariya, shi ma ya taya su. Da numfashinsa ya dawo, ya ce, "Ku dube ni da kyau. Da tafiya na yi a hankali, iska ta wadatar da ni, sai in kai Tofa ban gaji ba. Da na yi gudu iskar ta gaza, tsokata ta ci gaba da aiki haka nan, ƙarfi kaɗan, gajiya nan da nan. Yis ɗin da ya kumbura ƙullun cikin gorar nan ma ba tare da iska ba ya yi nasa aikin, ga kumfarsa a gemuna."

Tun daga ranar ɗalibai suka sa masa suna Malam Ƙullu, bai taɓa nuna ɓacin rai ba. Hure ce dai ta yi ta mita wajen wankin rigar. Ya yi ritaya yanzu, yana noman albasa a Watari, kuma tsofaffin ɗalibansa, waɗanda suka zama manyan mutane da iyalinsu, kan tsaya a bakin gonar su gaishe shi da sunan.