Yadda Muka Cike Gefen Zalat a Alsawra

Shekarun da nake ɗinki a Kasuwar Libiya, a kan keke nake zuwa daga gidanmu na Alsawra, a kansa nake komowa. Yaranmu ajala suke ce masa da Larabci, ni kuwa keke na tashi na ji ana faɗa a gida. Hanyar da nisa, amma ban taɓa jin ta dame ni ba. Abin da ke damuna shi ne gefen zalat, wato kwaltar da ta ratsa ta gaban hararmu, unguwarmu ke nan. Ruwan damina ya zaizaye ƙasar da ke gefenta har kwaltar ta tsaya sama kamar dakali, ƙarƙashinta yashi mai laushi. Idan hafla, wato bas ɗin haya, ta matso ka, ko dai ka tsaya a gabanta, ko ka faɗa yashin.

Ni na saba, ƙafata da ƙarfi a lokacin. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shi ne bai tsira ba. Dattijo ne mai sayar da turare da carbi, yana ɗaure akwatinsa a bayan wani tsohon baƙin keke, yana bin masallatai. Wata safiya hafla ta zo wuce shi, ya kauce mata, tayar gaba ta zame daga kan kwaltar ta nutse. Ya faɗi a kan ƙugunsa, ƙashi ya karye. Direban bai gudu ba. Shi ya sauke fasinjojinsa, ya ɗauki Kawu zuwa asibiti.

Da Kawu ya dawo gida, masu dubiya suka yi ta shigowa, kowa maganarsa ɗaya: ƙaddara ce, sai haƙuri, kuma a bar hawan keken nan haka. Ina zaune a bakin gadonsa ran nan, ya bari suka gama, sannan ya dube ni.

“Ƙaddara ce, na karɓa,” in ji shi. “Amma ramin nan har yanzu yana nan, ko?”

“Yana nan, Kawu.”

“To gobe wa yake jira?”

Da maganar a raina na kwana biyu ina ɗinki. Na je wurin shugaban lajnar hara, wato kwamitin unguwa, mutumin kirki wanda ke salla a sahu ɗaya da mu. Ya saurare ni, ya ce zai kai maganar gaba. Na san ya kai, na kuma san yadda irin wannan magana take tsufa a ofis. Sai na ce masa, in babu laifi, mu za mu yi nafir, abin da kakanninmu ke kira gayya. Ya ce babu laifi, shi ma zai zo da shebur.

Na bi masu keke ɗaya bayan ɗaya: masu kai burodi, masu madara, leburori, da wani malamin makaranta. Ban sha wahalar lallashi ba, domin kusan kowa na da tabo a gwiwa ko a gwiwar hannu daga wannan gefen. Wani maƙwabcinmu mai aiki a inda ake gasa jan bulo a bakin kogi ya ce fasassun bulo sun yi musu yawa, a zo a kwashe. Masu amalanken jaki suka kwaso. Ranar Juma'a da sassafe muka fito. Muka kwashe yashin, muka zuba fasasshen bulo, muka bi shi da jar ƙasa, muna yayyafa ruwa muna daɓewa. Ana cikin haka sai ga direban haflar nan da ganguna cike da ruwa a motarsa. Bai yi dogon bayani ba, ya cire jallabiya ya karɓi madaɓi. Mata suka aiko da tuwon asida da shayi. Juma'o'i da dama muka yi a haka, har hanyar ta kai faɗin da keke biyu za su gifta juna, daga masallaci zuwa magudanar ruwa. Muka jera duwatsu a gefenta, muka shafe su da farar ƙasa.

Murnarmu ba ta daɗe ba. Masu raksha, babur ɗin haya mai taya uku, suka ga wuri mai santsi da tauri, suka mai da shi tasha. Ina dawowa da la'asar sai na tarar da su jere a kai, masu keke sun koma tsakiyar kwalta. Na yi wa ɗayansu magana, ya ce da ni da Larabci, titi na gwamnati ne, ba na kowa ba. Raina ya ɓaci, har na jingine keke na nufe shi.

Wadda ta tsayar da ni ita ce dattijuwar da ke sayar da shayi a ƙarƙashin bishiyar dalbejiya a wurin. Goggo muke ce mata duka, Hausawa da waɗanda ba Hausawa ba.

“Ɗana, ɗauki kekenka ka tafi gida,” ta ce. “Waɗannan a wurina suke karyawa.”

Washegari da na zo wucewa na ji ta tana gaya wa wani saurayi, cikin sanyin murya, cewa duk wanda raksharsa ke kan jar ƙasar nan, ba ta da shayinsa.

“Haba Goggo, minti nawa ne?”

“Matsar da ita bayan bishiya, ga inuwa ma a can. Kofinka na nan yana jiranka.”

Ya yi dariya, ya matsar. Babu wata mai shayi kusa, kuma nata da citta da kirfa babu irinsa. Kafin wata ya ƙare, su da kansu suke korar baƙon direban da bai san doka ba. Daga baya lajna ta samu aka zo aka yi tudun rage gudu guda biyu, ɗaya a gaban masallaci, ɗaya kusa da makarantar 'yan mata.

Kawu bai sake hawa keke ba. Ƙugun ya haɗe a karkace, sai da sanda. Ya koma sayar da turarensa a kan ɗan tebur a ƙofar masallaci, kuma bai taɓa nuna mini ya yi kewar yawon ba, ko da yake na san ya yi.

Damina ta farko ta cinye mana wani sashe kusa da magudana, muka sake cikewa. A ta biyu ban ma sani ba sai da na zo na ga an gyara. Mutanen harar da ke gaba da mu ne, sun gyara namu, sun kuma ɗora nasu daga ƙetaren magudanar har kasuwar kayan miya.