Tururuwa a Cikin Ludayi

Ko daga barci aka tashe ni aka ce in faɗi abin da ba zai taɓa fita raina ba, ranar da na ƙaryata tururuwa a gaban manya zan faɗa.

Lokacin ana tsakiyar aikin dam ɗin Bakolori, maigidana yana tuƙa motar yashi a can, ni kuma na koma gidanmu a Dosara wankan haihuwar fari. Kwana uku da haihuwa ungozoma ta zo gwajin nono, yadda ake yi wa masu jego a zamanin. Ta tatsi nonona a ludayi, ta kamo tururuwa ta jefa ciki. In ta fito, nono lafiyayye ne, in ta mutu, mai ciwo ne. Tawa ta ɗan yi mutsu-mutsu ta tsaya cak.

"Nonon ga ba shi shayuwa," in ji ungozoma. "In yaro ya sha, ba ya kai suna."

Innata ta ɗauke yaron daga cinyata. Ban hana ta ba, don ɗan fari ne, kunyarsa ake yi, ko kallonsa ba na yi a gaban mutane.

Da maigida ya ji labari, sai ga shi da madarar gwangwani da kwalba mai kan roba, yana ta washe baki, wai irinta ’ya’yan Turawan dam ke sha. Rubutun jikin gwangwanin kuwa babu mai iya karanta shi a gidanmu. Inna takan kamfato ruwan randa ta dama da ido, in garin ya yi ƙasa ta ƙara ruwa. Bayan suna, zawo ya kama yaron. Maɗigarsa ta faɗa, kukansa ya koma kamar na ɗan kyanwa. Ni kuwa nono ya cika ya yi tauri, sai in zagaya bayan ɗaki in tatse a ƙasa ina hawaye.

Wata safiya ina wanke kwalbar, na ga tururuwa biyu a mace cikin ragowar madarar. Na tsaya ina kallonsu. Ashe ita ma madarar Turawan kisa take yi?

Da hantsi ungozoma ta zo yi mini wanka, ta tarar na jera ludayi biyu, ɗaya madarar gwangwani, ɗaya nonon saniyarmu da aka tatsa da safe. Bayan mun gaisa na ce, "Iya, don Allah ki gwada mini waɗannan."

Ta harare ni, amma ta jefa tururuwa a kowanne. Ta farko ta mutu. Ta biyu ma ta bi ta.

Na ce, "To Iya, saniyar ma ciwon nono gare ta? Ga maraƙinta can shina tsalle."

"Ke ɗiyar ga, ina kunyarki?"

"Kunya ta ƙare, Iya. Ɗana za ya mutu."

Ban taɓa cewa "ɗana" da bakina ba sai ranar. Na miƙa hannu na karɓe shi daga wurin Inna, na sa masa nono. Da farko ya kasa kamawa, na ɗiga masa a leɓe, ya lasa, sai ya cafke. Ina jin ƙwat-ƙwat ɗin haɗiyarsa, daɗi ya kusa kashe ni. Ungozoma ta buɗe baki za ta yi magana, Inna ta ce, "Ƙyale ta." Ta tashi da kanta ta ɗora mini kunun kanwa.

Washegari muka kai shi asibitin Talata Mafara. Malamar asibiti ta ba shi magani, ta ce kada in kuskura in cire shi daga nono. Kafin arba'in ya yi ɓul-ɓul, har ita ungozomar, Allah ya jiƙanta, takan ɗauke shi ta ce ya yi mata nauyi. Ya yi zama da wuri, ya yi baki da wuri, da ya shiga makaranta kuma ba a sha wahalar kansa ba.

Ba na zagin madara, na ga marayun da ta raya inda aka dafa ruwa aka auna daidai. Abin da na koya shi ne, in ran ɗanki na cikin haɗari, tambaya ba rashin kunya ba ce. Shi ya sa har yau in mai jego ta ce mini an ce nononta ba shi da kyau, nakan ce, "Wa ya ce? Kawo yaron, zauna ki ba shi nono a gabana."